Tsofaffin Rigunan Mayaƙan Sama da Shekarun da Na Yi Ina Bin Sawunsu

Duk wanda ya tashi a Kano a shekarun 1970, cikin tsofaffin kayan soja ya tashi, ko ya lura ko bai lura ba. Hunturu na kamawa za ka ga masu gadin kantunan Fagge da Sabon Gari sun fito da manyan kwat ɗinsu masu nauyi, masu maɓallan tagulla, sun kewaye wuta suna jin ɗumi. Direban babbar mota ba ya rabuwa da jarkar ƙarfe mai cin lita 20. Mafarauta da 'yan sikawut suna rataye da gorar ruwa mai rigar ulu. Bargon soja kuwa, mai kaushi, ruwan toka, da wuya ka shiga gida ka rasa shi. A wancan lokaci babu mai kallon waɗannan abubuwa a matsayin kayan tarihi. Kaya ne masu ƙarko da araha, an samo su a gwanjo, ana mora har su mutu a yar.

A gidanmu akwai abu guda da ya fita daban. Kakana na wajen uwa yana da wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa, a ciki akwai takardun gona, da rigar angwancinsa, da wata hular fata mai ruwan ƙasa. Hular tana rufe kai da kunnuwa har zuwa haɓa, cikinta an shimfiɗa wata fata mai laushi ruwan ƙwai. A saitin kowane kunne akwai wani ɗan ƙullutu da aka zagaye da zif. Idan ya ga na ƙura mata ido sai ya ce, "Ɗauki ka gani, ɗan nan, amma da hannu biyu. Wannan ta girme ka, ta kuma fi ka ganin duniya."

Lebura ne shi a filin jirgin Kano lokacin yaƙin Hitila. Bayan Faransa ta faɗi, Italiya kuma ta shiga yaƙi a 1940, Tekun Bahar Rum ya zama wurin da jiragen ruwan Ingila ba sa iya ratsawa cikin aminci. Sai Turawan Ingila suka riƙa kawo jiragen yaƙi a cikin manyan akwatunan katako zuwa Takoradi, a ƙasar da yanzu ake kira Ghana, a haɗa su a can, su tashi su biyo ta Legas, da Kano, da Maiduguri, da Fort Lamy wadda ta zama N'Djamena, da El Geneina, da El Fasher, da Khartum, har su isa Masar. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba na 1940, kuma kafin ƙarshen 1943 jirage sama da 5,000 sun bi wannan hanya. Kakana bai san waɗannan alƙaluma ba. Abin da ya sani shi ne babban jirgi mai inji biyu yakan zo a gaba, ƙanana na biye da shi, su kuma su mirgino gangunan mai cikin rana tsaka su yi ta ɗura musu. Wani matuƙi, yaro matashi, zazzaɓi ya kwantar da shi a Kano, kakana ne ke kai masa ruwa yana yi masa fifita. Ranar da ya ji sauƙi zai wuce, ya miƙa masa hular. Ko sunan juna ba su riƙe ba.

Ina makarantar kwana Allah ya yi wa kakana rasuwa. Aka raba gado, aka lissafa gona da tufafi, babu wanda ya ga hular ta kai a ambace ta. Yara suka ɗauke ta suna wasan soja da ita a ƙofar gida, daga nan ba a sake jin ɗuriyarta ba.

A tsakiyar shekarun 1980 na tafi Ingila karatu, sanyi ya yi mini maraba tun daga filin jirgi. Ɗaliban da suka riga ni suka nuna mini Laurence Corner, wani kanti kusa da tashar Euston a Landan, inda ake sayar da rarar kayan soja da gwamnati ta yi gwanjonsu. Ina shiga warin wurin ya mayar da ni gida: warin tamfol, da ulu, da man takalmi, da maganin asu. Riguna jibge har rufi, takalma a ɗaure bibbiyu, barguna irin na gidanmu sak. Na sayi kwat ɗin da ya raba ni da sanyin shekarar, na kuma riƙa komawa ko ba ni da abin saye.

Wata Asabar a kasuwar Portobello na tsaya a teburin wani tsoho mai sayar da lambobin yabo da tsofaffin hotuna. Can gefe, a kan wani kan gunki na katako, sai ga hular kakana. Ba ita ba ce, amma irinta ce, har zif ɗin kunnuwan. Tsohon ya ga yadda na tsaya, ya sauko da ita ya ba ni. Shi ya fara gaya mini sunanta Type B, hular matuƙan rundunar sojin saman Ingila ce a farkon yaƙin, kuma ƙullutun nan mazaunin na'urar sauraron rediyo ne. Ya juya cikinta ya nuna mini tambarin kambin sarauta da haruffan AM, alamar ma'aikatar sojin sama, da lambar ajiya mai farawa da 22C, wadda ake bugawa a kan tufafin tuƙin jirgi. Da na ce masa daga Kano nake, ya gyara tsayuwa ya ce, "Ai ta garinku aka bi da jiragen da suka yi yaƙin hamada." Na biya kuɗin da na ware na cefanen mako, na rungumo ta. Daga ranar na shiga sahun masu tara kayan mayaƙan sama.

Abin da ya riƙe ni a wannan harka shi ne, babu ɗinki ko ɗaya a jikin waɗannan riguna da aka yi don ado. Kowane maɓalli da kowace aljihu amsa ce ga wata matsala da ta taɓa cin ran wani. Babbar matsalar kuwa sanyi ce. Jiragen wancan zamani ba a toshe suke ba, iska na shiga ta ko'ina, kuma a tsayin ƙafa 25,000 sanyi yakan kai digiri 40 ƙasa da sifili. Mai harbi a jirgin B-17 na Amurka a bakin buɗaɗɗiyar taga yake tsayawa. Idan ya cire safar hannu ya taɓa ƙarfe, fatar yatsunsa a nan za ta zauna.

Don haka aka koma ga tunkiya. Leslie Irvin, Ba'amurken da ya yi suna wajen ƙera laimar dirowa daga jirgi, wanda ya kafa masana'anta a Letchworth ta Ingila a 1926, shi ya fito da rigar da har yau ake kira da sunansa. Wanda bai taɓa ganinta ba, ya ɗauka buzun malam ne aka juya gashin ciki aka ɗinka riga da shi. Tana da ƙatuwar wuya da ake tayarwa ta rufe kunne, da zif a hannuwa don safa ta shige, ba ta kuma da aljihu. Masana suna gane shekarunta daga yawan gaɓoɓinta. Na kafin yaƙi da manyan fatu aka yi su, bayan rigar ƙyalle ɗaya ko biyu. Da yaƙi ya yi tsawo fata ta yi ƙaranci, sai aka koma harhaɗa ƙanana, har ka ga riga ɗaya da ɗinki barkatai. Kana kallon bayan riga, kana karanta halin da ƙasa ke ciki a shekarar da aka ɗinka ta. Amurkawa ma suna da tasu ta fatar tunkiya, B-3, wadda suka fara a 1934.

Amma sarauniyar wannan fage ita ce A-2, rigar fata ta matuƙan sojin Amurka, wadda aka amince da ita a 1931. Na daɗe ina nema kafin na samu tawa, a wani baje kolin kayan soja a Beltring ta yankin Kent, inda masu saye da sayarwa ke kafa tantuna a fili su kwana suna ciniki. Na tsinto ta a ƙasan wani kwali. Fatar doki ce, ruwan goro mai duhu, ta koɗe a kafaɗu da gwiwar hannu har launin ƙasan ya fito. Na yi mata abin da na ga dukawan Kasuwar Kurmi na yi wa fata tun ina yaro: na murza ta tsakanin yatsu, na lanƙwasa na saki in ga ko za ta tsage, na kai ta hanci. Fata ba ta ƙarya ga wanda ya san ta. Sannan na bi ta daki-daki. Bayanta ƙyalle guda ne, babu haɗi. Aljihu biyu a gaba masu marfi, babu wurin cusa hannu a gefe. Zif ɗin na kamfanin Talon ne, ya yi baƙi amma yana tafiya sumul. A wuya akwai ɗan ƙugiya na ƙarfe, a ƙarƙashinsa kuma baƙar lamba saƙaƙƙiya ɗauke da sunan kamfanin da ya ɗinka, da lambar kwangila, da lambar zane 30-1415 wadda ke jikin kowace A-2 ta gaske.

Abin da ya fi taɓa ni ba ya cikin abubuwan da littattafan masu tarawa ke lissafawa. A ƙirjin hagu akwai jerin ƙananan hudojin allura, inda aka taɓa ɗinka sunan mai rigar, daga baya aka farke. Bakin hannun dama, inda saƙar ulu ta cinye, wani ya yi mata cin baki da zare mai launi daban, ɗinkin hannu, ba na tela ba. Kuma rigar ƙarama ce. Kusan duk na ainihin ƙanana ne, domin yara ne suka sa su, 'yan shekara ashirin da ɗoriya, sirara, waɗanda ko tumbi ba su ajiye ba. Duk mai zaton tara waɗannan kaya sha'awar yaƙi ce, ya riƙe irin wannan riga sau ɗaya a hannunsa. Rundunar jiragen sama masu jefa bama-bamai ta Ingila ta rasa mutum 55,573 cikin kimanin 125,000 da suka tashi a jiragenta. Runduna ta Takwas ta sojin saman Amurka ta rasa sama da 26,000. Su kuma waɗanda bama-baman suka sauka a kansu a Hamburg da Dresden da Tokyo, ba su bar ko riga ba. Ban taɓa buɗe kabad ɗina na ji alfahari da yaƙi ba. Abin da nake ji shi ne tausayi, da godiya ga Allah da bai nuna mana irin wannan ba.

Zamani ya juya, rigar ma ta juya. Sojin Amurka sun daina odar A-2 a tsakiyar yaƙin suka koma rigunan yadi, sai a 1988 suka dawo da ita. Da jirage masu injin jet suka zo, mazaunin matuƙi ya matse, ga na'urori ta ko'ina, riga mai kauri ta zama cikas. Fatar tunkiya kuma idan ta jiƙe aka yi sama da ita, ƙanƙara take zama. Daga nan aka samu MA-1 a shekarun 1950, rigar nailan mara nauyi, koriya, mai wuya saƙaƙƙiya don kada ta saɓa da igiyoyin laima. Wajen 1960 aka mayar da cikinta ruwan lemo mai haske, domin matuƙin da jirginsa ya faɗi ya juya rigar masu ceto su hango shi daga sama. Ita ma tata ta fara ƙarewa a shekarun 1970, saboda nailan na narkewa ya manne a jiki idan gobara ta tashi, aka maye gurbinta da yadin Nomex mai jure wuta.

Ƙananan kayan ma kowanne da labarinsa. Ina da taswirar siliki irin wadda ake ba matuƙa su ɓoye a jiki: ba ta ƙara idan an buɗe, ruwa ba ya lalata ta, tana shiga tafin hannu. Na taɓa riƙe takalmin sojin saman Ingila samfurin 1943, mai dogon wuya, da 'yar wuƙa a ɓoye a cikinsa. Idan matuƙi ya faɗa ƙasar abokan gaba sai ya yanke wuyan, abin da ya rage ya zama takalmin farar hula. Akwai kuma ƙyallen da matuƙan Amurka a Sin ke ɗinkawa a rigarsu, da rubutun Sinanci na roƙon duk wanda ya tsince su ya taimake su. Tsofaffin harkar sun ja mini kunne tun da wuri game da agogunan jirgi da kamfas masu haske a duhu: fentinsu na radiyam ne, hasken ya mutu amma gubar tana nan, ba a buɗe gilashinsu, ba a kwana da su a ɗaki.

Mafi daɗin waɗannan shekaru shi ne mutanen. A lokacin waɗanda suka sa rigunan suna raye. A gidan tarihin jirage na Duxford ko na Hendon za ka ga tsoho da sanda ya tsaya gaban jirgi ya yi shiru, idan ka gaishe shi cikin ladabi sai hira ta ɓarke. Ɗaya ya nuna mini yadda suke sa safar siliki a ciki, ta ulu a tsakiya, ta fata a waje. Wani ya ce abin da ya fi tunawa ba harbi ba ne, ƙaiƙayin gumi ne a ƙarƙashin hula, ga shi ba halin sosawa. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma ilmin da na samu a bakin waɗannan dattawa babu shi a kowane littafi.

A kan idona harkar ta sauya. Fim ɗin Top Gun ya fito a 1986, kowane saurayi ya so rigar matuƙi. Masu kuɗi daga Japan suka shigo da ƙarfi suna kwashe na ainihi, kamfanoni irin su Buzz Rickson's da The Real McCoy's a can, da Eastman Leather a Ingila, suka shiga ɗinka sababbi da suka yi kama da tsofaffin har zare. Waɗannan sana'arsu a fili take, suna faɗin cewa sabon ɗinki ne. Ɓarnar ta zo daga masu goge sabuwar riga da yashi, su yi mata zanen jirgi a baya, su ƙirƙiro mata mai ita. Sai intanet ta zo, eBay ta mayar da duniya kasuwa guda. Abin da a da sai ka yi sammako ka tona kwali kafin ka gani, yanzu yana kan waya da farashin da ya fi ƙarfin malamin makaranta. Kantunan suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, Laurence Corner ma ya rufe a 2007. Dattawan kuma ƙasa ta rufe musu ido. An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, to ni dai a wannan fage bara ta fi.

Da na dawo gida ban daina ba. Nakan leƙa Ƙofar Wambai ranar da ake fasa dila, ko Kasuwar Barci idan na je Kaduna. 'Yan gwanjo sun san ni, da sun hango ni sai ka ji, "Alhaji, ga irin taka ta fito." Mafi yawa kwaikwayo ne na 'yan gayu, amma jefi-jefi akan dace da MA-1 ta gaske, da lambar kwangilar soja a cikin aljihu. Ajiyarsu a ƙasarmu aiki ne: hunturu na busar da fata har ta tsage, damina na kawo fumfuna, asu na bin ulu, gara na bin akwati. A inuwa nake ajiye su, inda iska ke ratsawa, ba a cikin leda ba, kuma ba na cika musu mai, domin mai da yawa ruɓar da zare yake yi. Sai dai kakin soja a yau ba shi ne na yarintarmu ba. Dokar ƙasa ta hana farar hula sa kayan soja, kuma tun da miyagu suka fara sajewa da kaki suna tare hanya suna shiga ƙauyuka, hanin ya zama wajibi. Ban taɓa ajiye makami ko harsashi ba, ba na kuma fita da komai a jikina. Duk matashin da ke sha'awar wannan harka, daga nan zai fara.

Abin da ke ci mini rai shi ne namu. Na san lambar zif ɗin rigar Ba'amurke, amma ina kayan kakanninmu? Dubban 'yan Arewa sun tafi Burma a Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Runduna ta 81 ta ratsa kwarin Kaladan babu hanyar mota, abincinta da harsashinta daga sama jiragen Dakota ke jefo mata. A watan Janairu na 1945 sojojinmu suka kama Myohaung. Sunayen yaƙin Burma suna nan a barikokinmu, Myohaung da Arakan a Legas, Chindit a Zariya, amma hulunansu da jakunkunansu da littattafan albashinsu sun bi 'yan jari-bola da bakin gara. Jiragen sama na farko sun sauka a Kano tun 1925. An kafa rundunar sojin saman Najeriya a 1964 da taimakon Jamus ta Yamma, Kaduna ta zama cibiyar horonta, matuƙanmu sun tuƙa L-29 da MiG-17 da MiG-21 da Alpha Jet. Rigunan tuƙi da hulunan kwano na rukunin farko na waɗannan matuƙa, wa ya adana su? Turawa da Japanawa ba su fi mu tarihi ba. Sun fi mu ajiya ne kawai.

Don haka roƙona ga mai karatu: idan a gidanku akwai akwatin tsohon soja, ko na wanda ya yi aiki a filin jirgi, kada ku bari a yi gwanjonsa ranar rabon gado. Ku buɗe shi, ku shanya kayan a inuwa, ku ɗauki hoto, ku rubuta sunan mai su da lambarsa da inda ya je, tun masu iya ba da labarin suna da rai. Idan ba za ku iya riƙewa ba, ga Gidan Makama a Kano, ga Arewa House a Kaduna, ga gidan tarihin yaƙi na ƙasa a Umuahia, ku je ku yi magana da su. Hukumomin soja su ma su buɗe ƙofa ga iyalan da ke son miƙa irin waɗannan kaya ba tare da tsoro ba. Amana ce iyayenmu suka bar mana, kuma jikokinmu suna da haƙƙin su gan ta da idonsu.